Otokilef, oben, tafasawa ko magani: me ƙaramin asibitin zango a Kumasi zai saya?

Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba har Zangon Tafo, ba ka rasa ƙaramin asibiti ko gidan haihuwa na kuɗi, kuma da dama 'ya'yan zango ne ke riƙe da su: ungozomar da ta ajiye aikin gwamnati, ko nas ɗin da ya tara ɗan abin hannunsa ya haɗa gwiwa da likita. Gado da fanka da fenti ba sa hana mai buɗewa barci. Inda ake cijewa shi ne abin tsarkake kayan aiki, don yana cin kuɗi, majinyaci ba ya ganinsa balle ya yaba, mai shago a Adum kuma abin da ke kantarsa shi zai kambama: "Hajiya, wannan duk likitoci ita suke ɗauka." Ga jami'an HeFRA can suna jira, hukumar da doka mai lamba 829 ta 2011 ta ba ikon ba wuraren kiwon lafiya lasisi, kuma yadda ake sarrafa kayan da suka taɓa jini yana cikin abin da suke dubawa.

Aikina na ɗakin tiyata ne, ra'ayina kuma ba ɓoyayye ba ne: tururi mai matsi, wato otokilef, ya fi sauran hanyoyi ga irin waɗannan wurare. Sai dai otokilef iri-iri ne. Akwai wanda zai yi muku shekaru yana aiki, akwai wanda kafin baɗi ya koma wurin ɗora fayil, kuma ko mafi tsadar cikinsu ba ya gyara ɓarnar da aka yi a bakin famfo.

Abin da ya sa ake ɗaukar maganar da zafi ba ɓoye yake ba. Ghana na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, sama da mutum 8 cikin 100 na ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba. Ƙwayarsa tana iya kwana 7 a busasshen jini jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Idan allurar da ta shiga jikin mai ita ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100, alhali na ƙanjamau, wadda aka fi jin tsoro, kashi 0.3 ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ƙwayar cuta kan shiga wurin yankan, a Afirka kuma abin kan kai kashi 20 ga matan da aka ciro wa jariri ta tiyata. Ba duka ne laifin kaya ba, amma kaya su ne ɓangaren da ke hannun mai asibiti kacokan.

Me kayan naku ke taɓawa?

Kafin a tambayi farashi, a zube kayan a tebur a raba su uku. Rabon na Earle Spaulding ne, masanin ƙwayoyin cuta na jami'ar Temple a Amurka, kuma tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce da shi ake aiki a ko'ina.

Kashi na farko, duk abin da ke huda fata ko shiga nama da jini: almakashin ƙari, almakashin yanke cibiya, mariƙin allura, hantsakin kama jijiya, kayan kaciya, kayan cire haƙori. Waɗannan sai an kashe komai kakaf, har da ƙwayoyin nan masu shiga ɓawo mai tauri su yi shekaru suna jira, irin na tatanas mai sarƙe haƙora. Kashi na biyu, abin da ke taɓa lallausar fatar ciki, kamar baki ko farji, ba tare da ya yanka ba: bakin agwagwar duba mahaifa, robar numfashi, da makamantansu. Su ma tsarkakewa kakaf ta fi, amma idan abin ba ya jure zafi an yarda da mataki na ƙasa da ita, wanda ke kashe komai ban da wasu masu ɓawon. Na uku, abin da ke taɓa lafiyayyar fata kawai, irin abin awon jini da na sauraren ƙirji. Sabulu da ɗan shafa magani sun ishe su.

Gidan haihuwa, ko da ba ya tiyata, cike yake da kayan kashi na farko. Wannan kaɗai ya isa ya kori rabin abin da za a tallata muku.

Wanki, inda aka fi faɗuwa

Jini idan ya bushe a haƙoran hantsaki ko a gaɓar almakashi, tamkar ƙanzo ne a gindin tukunyar tuwo: ɗauraya ba ta fitar da shi, ƙarin wuta kuma sai dai ta ƙara manne shi. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa sun sami rufi, tururi ko magani sai su ratsa samansa su wuce. Don haka a wannan aiki ake cewa abin da bai wanku ba, ba ya tsarkaka.

Wankin yana farawa ne tun a ɗakin haihuwa. A goge gudajin jini da jiƙaƙƙen ƙyalle, a buɗe bakin kowane almakashi, a rufe tiren da tawul mai laima idan ba nan take za a wanke ba. Ruwan famfo za a jiƙa shi da shi, ba ruwan gishirin ƙarin ruwa ba, don gishiri na cin ƙarfe. A wurin wanki, ruwa mai ɗumi-ɗumi. Mai zafi sosai dafa jinin yake yi. Sabulun da aka yi don kayan asibiti, mai narkar da jini da kitse, shi ya fi, kuma ana auna shi yadda aka rubuta a jikin galan. Garin sabulun wankin kaya da sabulun sanda suna barin ɓurɓushi a jikin ƙarfe. Buroshi mai laushi, ana gogawa a ƙarƙashin ruwa don kada feshin ya shiga ido da baki. Soson ƙarfe haram ne a nan: yana kankare siririn rufin da ke hana ƙarfen tsatsa, ya bar ƙananan kwaruruka da datti zai maƙale. Daga nan ɗauraya, busarwa, sai a ɗaga kowanne a haske a duba gaɓarsa. Wanda ya yi tauri a sa masa man da ake haɗawa da ruwa, na kayan tiyata. Man inji ko basilin suna hana tururi taɓa ƙarfe.

Mai wankin kuma mutum ne. Safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, rigar leda, tabarau, takalmi rufaffe, da allurar rigakafin ciwon hanta B sau uku. Ghana ta sa wannan rigakafi cikin allurar jarirai ne a 2002, saboda haka duk ma'aikacin da aka haifa kafin nan, kada a ɗauka ya samu. A wurare da yawa aikin nan mafi ƙanƙantar albashi ake bar wa, wanda ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ba, kuma a ganina wannan ya fi rashin na'ura haɗari.

Sai maganar bokitin Parazone, wato ruwan bilic, wadda takan jawo musu. Yawancinmu bokiti uku aka koya mana: na ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 a jiƙa minti 10, na sabulu, na ɗauraya. Ka ce wa ƙaramar nas ta daina, sai ta ce, "Yaya, ai haka aka koya mana a makaranta," kuma gaskiyarta. Amma littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan sarrafa kayan asibiti ya ce kada a jiƙa kaya a bilic kafin wanki. Dalilanta: yana cin ƙarfe, jini yana kashe masa ƙarfi, ɗaukar bokitin daga ɗaki zuwa ɗaki haɗari ne ga ma'aikaci, kuma yana iya sa ƙwayoyi su saba da magani. Ni ina tare da su, domin duk almakashin da na gani ya yi baƙaƙen ɗigo ya daina yanka, tarihinsa kan koma ga bokitin da aka manta shi ciki har asuba. Wanda ka'idar wurin aikinsa ke tilasta masa yi har yanzu, to bokitin roba, haɗin yau na yau, minti 10 da agogo, a ɗauraye nan take. Lissafin haɗin: a raba ƙarfin da ke jikin kwalba da 0.5, a cire 1. Mai kashi 3.5, mudu ɗaya na bilic da shida na ruwa. Mai kashi 5, ɗaya da tara. Bilic bai rasa aiki ba, ƙasa da gado da jinin da ya zube duk nasa ne.

Injin wanki mai girgiza ruwa da sauti yana fitar da datti daga lunguna fiye da buroshi, kuma mai kayan haƙori zai ji daɗinsa. Gidan haihuwa mai saiti biyar ko shida, kwatami biyu masu zurfi na wanke kaya da ma'aikaci mai horo sun wadatar.

Tafasawa

Ita ce mafi araha, kuma kowa ya iya. Minti 20 daga lokacin da ruwa ya fara tafarfasa sosai, kaya a nutse, murfi a rufe, ba a ƙara komai bayan an fara ƙirga. Tana kashe ƙwayar hanta B, da ta ƙanjamau, da ta tarin fuka. Iyakarta ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Selshiyos komai wutar da aka hura masa, kuma masu ɓawon nan suna iya jure wannan zafi. Ga shi ba a naɗe kaya a tafasa, don haka da an tsamo su iska da hannu sun fara taɓa su. Ba abin da za a ajiye don haihuwar tsakar dare da kwanciyar hankali. A hankali kuma farin ɓurɓushin ruwa yana taruwa a gaɓoɓi.

A yi hattara a shago: ƙaramar tukunyar lantarki mai tire da ake kira sitaralaiza, tafasawa kawai take yi. Idan ba ta da murfi mai kullewa da gejin auna matsi, ba otokilef ba ce. Tafasawa ta dace da kashi na biyu, kuma ta zama madogara ranar da komai ya tsaya. A ɗora lasisin gidan haihuwa a kanta, ban goyi baya ba. A 2011 aka tabbatar Ghana ta kawar da tatanas na uwa da jariri a matsayin annoba, amma ƙwayar tana nan cikin ƙasa da ƙura, almakashin cibiya kuma ita ce tsohuwar hanyarta.

Magani

Glutaraldehyde mai kashi 2, wanda aka fi sani da sunan Cidex, yana yin aikin kashi na biyu cikin minti 20 ko fiye, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Kafin ya kashe masu ɓawo kuwa, awa 10 yake buƙata. Nan ake yaudarar kai: a tsoma almakashi kwatan awa ɗaya a ce an tsarkake. Bayan jiƙon dole a ɗauraye da ruwan da shi ma tsarkakakke ne, in ba haka ba an dawo da abin da aka kora, in kuma ba a ɗauraye ba maganin ya ƙona naman majinyaci. Da an haɗa shi kwanakinsa ƙidayayyu ne, nau'in da aka fi sani kwana 14, kuma ruwan da jiƙaƙƙun kaya ke shigowa da shi yana tsinka shi tun kafin nan. Warinsa na sa hawaye da tari, yana jawo wa wasu ma'aikata asma, balle a ɗan ɗakin da taga ɗaya ce. Yana kuma daskarar da jinin da ba a wanke ba. Farkon saye ba shi da nauyi, amma galan bayan galan, a shekara za a ga ramin da ya yi wa aljihu. Amfaninsa na gaskiya shi ne kayan da zafi zai lalata, irin madubin leƙa ciki, wanda ƙaramin asibitin zango ba kasafai yake da shi ba.

Savlon da Dettol da sifirit na fata ne. Ba sa kashe masu ɓawo, kuma an sha samun ƙwayoyi irin Pseudomonas suna rayuwa a cikin tsinkakken ruwan irin waɗannan magunguna. Dogon hantsakin nan da ke tsaye cikin kwalbar Savlon mako guda, ana ɗaukar tsarkakakkun kaya da shi, shi ne abu na farko da nake so in ga an fitar daga kowane ɗakin ɗaurin ciwo. Zuba sifirit a kwano a kyasta ashana ma haka: wutar ba ta daɗewa, ba ta shiga gaɓa, sai dai ta dakushe kaifi. Akwatin shuɗiyar fitila na shagon aski kuwa, inda haske ya faɗa kawai yake aiki, ƙasan kaya da cikin gaɓa suna cikin inuwa.

Iskar ethylene oxide da injin hydrogen peroxide na manyan asibitoci ne irin Komfo Anokye da Korle Bu. Ba sa cikin wannan lissafi.

Oben

Busasshen zafi yana tsarkakewa da gaske, har masu ɓawo: digiri 170 awa 1, ko 160 awa 2, ana ƙirgawa daga lokacin da zafin ya kai, ba daga kunnawa ba. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya sa tsatsa, ba shi da matsin da zai firgita ma'aikaci, kuma kayan cikinsa kaɗan ne masu lalacewa. Gilashi na shiga cikinsa, hoda da mai kuwa, waɗanda tururi ba ya ratsawa, nasa ne.

Amma a haɗa ɗumama da hucewa, zagaye ɗaya kan cinye rabin yini. Ƙyalle da auduga suna ƙonewa, roba tana narkewa, wato saitin haihuwa mai tawul da gos ba zai shiga ba. Wani ya buɗe ƙofa ya cusa almakashi ɗaya a tsakiyar aiki, ƙirga ta koma farko. Babban abokin gabarsa a garin nan shi ne ECG, kamfanin wutar lantarki. Wanda ya ga dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2012 zuwa 2016, ya san ba a yi wa wuta alkawarin awa biyu a jere, kuma ko yanzu ba ta daina ɗaukewa ba. Ta ɗauke a minti na 50, an yi asarar kuɗin mita da lokaci gaba ɗaya. Ɗakin gwaje-gwaje ko wurin da kayansa ƙarfe ne zalla, ba gaggawa, oben mai fanka a ciki da ma'aunin zafi na gaskiya zai yi masa. Ga gidan haihuwa, na biyu ne, ba na farko ba.

Otokilef, da wanne daga ciki

Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, shi ya ƙera shi a 1879, dabarar kuma ba ta canza ba. A kulle ruwa a tukunya, matsi ya hau, sai ya ƙi tafasa a digiri 100. A lamba 15 ta gejin psi, wato kusan bar 1, tururin ya kai digiri 121. A kusan bar 2 ya kai 134. Tururin idan ya taɓa ƙarfe mai sanyi yakan koma ruwa ya sauke masa zafi mai yawa a take, zafi mai laima kuma ya fi busasshe saurin dafa ƙwayar cuta. Shi ya sa abin da oben ke yi a awa 2, otokilef ke yi a minti 20 ga kayan da ba a naɗe ba, minti 30 ga naɗaɗɗu, a digiri 121. A 134, cikin injin da ke zuƙe iska, minti 3 zuwa 4 ne.

Duk bambancin nau'o'insa a kan abu ɗaya yake: yadda ake korar iska. Inda iska ta maƙale, tururi bai shiga ba, wurin kuma bai kai zafin ba, ko da geji na nuna 15. Geji matsi yake aunawa, iska ma tana da matsi.

Mafi sauƙi ita ce tukunya mai murfin kusoshi, irin ta All American da takwarorinta na Indiya da Sin. Akwai mai lantarki, akwai wadda ake ɗorawa a kan gas, har kurfoti in ta kama, ko da yake riƙe matsi daidai a kan gawayi sai mai haƙuri. Korar iska da hannu ake yi: a bar bawul a buɗe tururi ya yi ta fita na mintunan da takardarta ta faɗa, sannan a rufe. Wanda ya gaji da jira ya rufe da wuri, ya ɓata zagayen, kuma ba ƙararrawar da za ta tona shi. Raunin tukunya ke nan, komai ya rataya a wuyan mai tsaronta. Rauni na biyu busarwa: ba ta da injin busar da kaya, ƙunshin da ya fito a jiƙe kuma ba a ƙirga shi tsarkakakke, don laima hanya ce daga waje zuwa ciki. Sai an koyi sakin tururi a hankali, a ɗan ɗaga murfi a bar zafin ciki ya busar, kada a cika ta maƙil. Ƙarfinta kuwa, mai hawa gas ba ruwanta da dumsor, ba allon kwamfuta da zai ƙone, abin da ke lalacewa geji ne da bawul, kuma ana canza su.

Sai na kan tebur masu lantarki, waɗanda ka'idar Turai mai lamba EN 13060 ta kasa uku. Ajin N na kayan ƙarfe ne marasa rami, waɗanda ba a naɗe ba, a yi aiki da su nan take. Shi ne mafi araha a cikinsu, shi ne kuma aka fi yin da-na-sani a kansa, domin mai gidan haihuwa ƙunshi yake so ya ajiye, ajin N kuma ba a yi shi don ƙunshi ba. Ajin B yana da famfon da ke zuƙe iska sau da yawa kafin tururi ya shiga, ya kuma busar bayan an gama. Yana ɗaukar naɗaɗɗun kaya, da ƙyalle, da masu rami kamar bututun zuƙe jini da injin huda haƙori. Ajin S yana tsakani, abin da zai iya sai wanda kamfanin ya lissafa a takarda, don haka a karanta takardar, kada a saurari mai shago.

Ajin B ya fi kowa aiki, ya fi kowa shagwaɓa. Yana jan wuta wajen kilowat 2, wato ƙaramin janaretan fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba. Hawa da saukar wuta na kashe allonsa, sitabilaiza dole ne. Ruwan distil, wanda aka tace ta tururi, kawai yake sha. Ruwan famfon da ke zuwa daga Barekese da Owabi, ko na rijiyar burtsatse, yana ɗauke da sinadaran da ke toshe bututu su bar tabo a kaya. Ruwan leda ma na sha ne, ba distil ba ne. Ƙaramin injin tace ruwa ta tururi ya shiga lissafi tun farko, tukunyar ma za ta fi daɗewa da shi. Sai tambayar da ta fi farashi muhimmanci: wa zai gyara, yana Kumasi ko sai an kira Accra, kuma robar ƙofa da tacen iska suna shagon yau? Makanikan Suame Magazine gwanaye ne, ba abin da ba sa tayarwa, amma tukunyar matsi ba wurin walda da dabara ba ce, bawul ɗin tsaro kuma ba a toshe shi don yana tsiyaya. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi na yaye injiniyoyin kayan asibiti. A nemi ɗaya a riƙe lambarsa tun kafin ranar buƙata.

Shaidar cewa ya yi

Tef ɗin da ke fitar da baƙaƙen layuka a bayan ƙunshi abu ɗaya yake faɗa: ƙunshin ya ga zafi. Bai ce cikinsa ya kai digiri 121 na minti 30 ba. Wannan aikin 'yar takardar da ake sawa a tsakiyar ƙunshi ne, mai aji 5 ko 6, wadda ba ta sauyawa sai zafi da lokaci da tururi sun cika. Mai ajin B yana da gwajin Bowie-Dick kowace safiya, wanda aka fito da shi a 1963 don gane ko iska na maƙalewa. Gwajin da ya fi duka shi ne na rai: 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, mai taurin kai ga tururi, a sa ta cikin kaya aƙalla sau ɗaya a mako, a reno ta bayan an fitar, a ga ko ta mutu. Sai littafi: kwanan wata, abin da aka sa, zafi, lokaci, sa hannu, a manna takardar gwajin a gefe. Ranar da ɗinki ya ruɓe dangi suka taso, ko jami'i ya shigo ba sanarwa, littafin ne zai yi magana. Tsohon daram mai ramuka a gefe, wanda ake buɗewa a ɗauki gos a rufe yini guda, daga buɗewar farko ya tashi daga tsarkakakke. Ƙananan ƙunshi, ɗaya ga kowane majinyaci, sun fi shi.

Zaɓin

Gidan haihuwa ko asibitin da aikinsa haihuwa ne, ɗinki, kaciya da ɗaurin ciwo: tukunyar matsi mai geji, wadda za ta hau gas. Rarar kuɗin da da ajin B zai ci, a zuba ta a kwatami biyu, sabulun kirki, takardun gwaji, injin distil, horar da mutum biyu, da ƙarin saiti. Wannan na ƙarshe ana raina shi. Tukunya daga sanyi zuwa busasshen ƙunshi takan haura awa guda. Mai saiti biyu da mata uku suka zo wa da naƙuda a dare ɗaya, ta ukun da kayan da aka ɗauraye a gurguje za a karɓe ta, komai kyan na'urar da ke ɗakin baya. Mai ɗakin tiyata ko kujerar haƙori, ajin B ne, ba makawa, tare da janaretan da zai ɗauke shi da tukunya a ajiye don ranar da ya ƙi tashi.

Wanda aikinsa bai da yawa, in ya sami yarjejeniya da asibitin da ke da sashen tsarkake kaya, zai iya kai nasa can. Sai dai yana buƙatar saiti ninki biyu, da akwatuna biyu masu murfi, na datti daban na tsarkakakku daban, ƙunshi kuma ba ya son ruwan sama da gargadar pragya, keke mai ƙafa uku. Abin da aka yi don aiki sau ɗaya, reza, allura, sirinji, maƙalin cibiya, zoben kaciya na Plastibell, mai alamar 2 da aka ja wa layi, ba ya shiga wannan muhawara: akwatin ƙaifafa ne makomarsa.

Iyayenmu wanzamai ma maganar ta shafe su, tunda har yau gidaje da yawa su ake kira askin suna da kaciya da ƙaho. Sabuwar reza ga kowane yaro ta rage rabin haɗarin, amma hantsakin da ke kama fata yana zagayawa daga gida zuwa gida, sifirit da ruwan zafi kuma ba su isar masa. Uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi tukunya ɗaya, ko su daidaita da wani asibitin unguwa ya riƙa turara musu, kowa ya fita da safe da ƙunshinsa adadin yaran ranar.

Saura otokilef na hannu, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Akwai nagari a ciki, amma a duba wutar da yake ci, don na Amurka da yawa volt 110 ne, tamu kuwa 230. A leƙa cikin tukunyar da tocila ko akwai ramukan tsatsa, a ja robar ƙofa a ga ko ta tsattsage, a tambayi takardar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, da littafin na'urar. Sannan a zo da ƙunshin tawul daga gida, da takardar gwaji mai aji 5 a tsakiyarsa, a ce a kunna a yi zagaye ɗaya cikakke a gabanku. Takarda ta sauya, ƙunshi ya fito a bushe, sai a fara ciniki. Mai shago ya ce ba a gwadawa sai an biya, ku yi masa sallama ku shiga na gaba.